Kawuna da Aka Yi wa Makoki Sau Biyu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ranar wata Talata a wani asibiti da ke nan Staten Island, a birnin New York, yana da shekara tamanin da ɗoriya. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, ko da yake shi da bakinsa ya sha gaya mana cewa sana'arsa ita ce a gan shi a manta.

Labari bai gama zaga unguwar Park Hill ba falonsa ya cika. Na farkon shigowa shi ne amininsa, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda suka tsufa suna gardama a benci ɗaya. Ko zama bai yi ba ya kama hannuna.

"Ɗana, kun duba shi da kyau?"

"Baba, likita ne ya tabbatar."

"Ei, likita! Likitan ya san shi ne? Ni na san shi paa, ciki da waje. A gabana mutumin nan ya mutu a cikin jirgin ruwa za mu Manhattan. Wata Baturiya har ta fara danna masa ƙirji, sai ya buɗe ido ɗaya ya tambaye ni ko ya yi kyau."

Wani mai shago a unguwar Tompkinsville, ɗan Maraɗi, ya zo da ruwan roba da dabino. Ya yi min gaisuwa cikakkiya, ya yi addu'a har da share hawaye, sannan ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Bon, tsakani da Allah, c'est vrai? Da gaske ne?" 'Yar Kawu, wadda ita kaɗai ya haifa, a nan ta tashi, tana jin Hausa sarai amma da Ingilishi take amsawa. Da tambayar ta ishe ta, sai ta fito daga ɗaki ta tsaya a tsakiyar maza, ta ce babanta ya mutu, mutuwa ta gaske, don girman Allah a daina tambaya. Daga nan ne aka fara kuka yadda ya kamata.

Ban ga laifin kowa ba. Kawu ya mutu a wurin sunan ɗana na fari, ya mutu a bakin masallaci ranar wata Sallah, ya mutu a layin jiran bas saboda kawai wani ya ce bai yarda ya taɓa yin fim ba. Yana da mutuwar harsashi, da ta mashi, da ta guba, wadda ya fi ji da ita don ita ce mai tsawo.

Masu shakkar da ke falo ba su dame ni ba. Wadda ta dame ni tana Kano, wato Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa. Na kira ta na ce mata Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ta ce min in gaishe shi. Ga shi kuwa abu ɗaya ya bar min wasiyya a kai: kada a rufe shi sai na karɓo masa yafiya daga bakinta. Jana'iza kuma washegari ce. Wanda bai san abin da ke tsakaninsu ba zai ce Inna ba ta da imani, don haka dole in koma baya.

Kawu ya tafi Landan ana dab da samun 'yancin kai, wai zai koyo aikin buga littattafai. Bai koyo ba. Yana wanke kwanuka a wani gidan abinci kusa da inda ake ɗaukar fim, sai wani dillalin 'yan wasa ya gan shi dogo, baƙi, ga tsaga a kumatu, ya tambaye shi ko ya iya riƙe mashi. Kawu ya ce shi ɗan birni ne, ubansa yadi yake sayarwa, bai taɓa ganin mashi ba sai a hannun mafarauta. Dillali ya ce ba komai, Turawan da za su kalla ma ba su taɓa gani ba.

A fina-finan Ingila na wancan zamani, in ji Kawu, 'yan wasa kashi biyu ne. Akwai jarumi, mai gyararren gashi, wanda ake rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Sai kuma su, masu riƙe masa duniya ya samu inda zai taka. Mutum zai ƙare rayuwarsa yana ɗan sanda, yau a sinima gobe a talabijin, hular ma ba a canja masa. Wani alƙali ne har ya mutu. Wani likitan da ke fitowa daga ɗaki ya girgiza kai. Wata tsohuwa kullum ita ce mai gidan haya da ke leƙen mutane ta labule. Duk Ingila an san fuskarsu, in sun shiga bas har kallonsu ake yi ana tunanin a ina aka san su, amma ba mai iya kawo sunan ko ɗaya. Rabon Kawu a cikinsu shi ne masinja, da kuku, da sajan, wani lokaci ɗan sarkin wata ƙasa da babu ita a taswira. Kuma da wuya ya kai rabin fim da ransa.

Malaminsa a sana'ar wani tsohon Bature ne da ba ya fitowa a komai sai babban baran gidan masu kuɗi, mai buɗe ƙofa ya sanar da zuwan baƙo. Kawu ya naɗa shi Sarkin Ƙofa, kuma da wannan sunan muka san shi. Shi ya koya masa cewa in ka shigo da tire, tiren ne ɗan wasa, kai rakiya ka yi masa. Shi ya koya masa faɗuwa: ka faɗi fuskarka na kallon kyamara, kada ka tare wa jarumi haske, kuma in ka kwanta ka riƙa numfashi ta baya don kada ciki ya tona maka asiri. Kawu ya ɗauki karatun nan da muhimmanci fiye da wanda aka tura shi yi.

Wata rana aka sa masa kakin soja, aka ce za a harbe shi a gefen jarumi. Darakta ya ce in zai faɗi ya furta ko mene ne da yarensu, ba wanda zai gane. Kawu ya ga yau ga ranarsa. Ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo Iya! Ku gaya wa Iya ta yafe ni!" Ya yi kalmar shahada tiryan-tiryan, ya zube. Har masu riƙe fitila sai da suka tafa masa. Ya karɓi sallamarsa ya tafi ya sha shayi, ya manta da zancen.

Fim ɗin kuwa bai manta da shi ba, ya hau jirgi ya zo Kano. A unguwarmu akwai wani tela, mutum mai kamun kai, ɗan sahun gaba, wanda ko ta ƙofar sinima ba ya bi, don a lokacin wurin 'yan iska ake ɗaukarsa. Wani abokin cinikinsa ya lallaɓe shi ya kai shi can bayan ganuwa, karo na farko a rayuwarsa. Shi hoto mai motsi da ya sani shi ne majigin gwamnati da ake haskawa a dandali, a nuna noman gyaɗa da allurar rigakafi da saukar manyan baƙi. Abin da ya faru ake nunawa, majigi ba ya ƙarya. Yana zaune yana rarraba ido kada wani ya gane shi, sai ga ɗan maƙwabcinsa a jikin bango, an harbe shi, yana kiran Iya da Hausa garau.

Tela ya shiga uku. Ga wasiyyar mamaci a wuyansa dole ya isar, ga shi ba zai iya faɗin inda ya ji ta ba. Da gari ya waye ya yi sallama da Kakana, ya ce wani amintacce ya gani da idonsa: Turawa sun sa yaron soja, an harbe shi, amma a yi hamdala ya cika da kalmar shahada, kuma ya ce a roƙar masa Iya gafara. Aka ce wane ne amintaccen? Ya ce amana ce. Da yake ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma Kawu malalacin rubuto wasiƙa ne, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, nan take gida ya ɗauki kuka.

A makon nan kuwa Inna tana cikin lalle. An soya alkaki, an yi nakiya, ragon biki na ɗaure a tsakar gida, an gaya wa makaɗa rana. Sai aka sallami makaɗa, aka yanka ragon aka yi sadaka, masu zuwa gaisuwa suka cinye alkakin suna Allah ya jiƙan rai. Daga baya aka ɗaura auren ba kiɗa ba guɗa, aka kai ta gidan Babana kamar an kai saƙo.

An yi sadakar arba'in an watse, sai telan nan, wanda ashe ya ɗanɗana ya ji daɗi, ya sake sulalewa sinima. Sai ga mamaci a wani fim ɗin cikin fararen kaya, ya yi ƙiba ma, yana kai wa waɗansu Turawa mafarauta shayi a tire. Wannan karon ba amintaccen da zai laƙaba wa. Ya je ya durƙusa gaban Kakana ya faɗi gaskiya, aka yi masa faɗan zuwa sinima, sannan aka ce ya shige gaba ya nuna hanya.

Haka Kakana da limamin unguwa da mai unguwa suka ja rawani har saman hanci suka bi tela. Da Kawu ya fito da tirensa, Kakana ya miƙe tsaye ya ƙwala masa kira, 'yan baya suka yi ca a kansa ya zauna. Dattawa suna cikin hamdala, sai zaki ya faɗo zangon Turawan, duk cikinsu bai ga na ci ba sai mai tire. Suka dawo gida jiki a sanyaye, mata sun yi cirko-cirko a bakin zaure suna jira. Liman ya gyara murya ya ce, "To, mun same shi da rai. Sai dai Allah ya sake yi masa rasuwa."

Sai da wani malamin makaranta ya zaunar da su ya yi musu bayani, aka je gidan waya aka buga saƙo Landan, amsa ta zo cewa yana nan lafiya, me ya faru? Unguwa ta yi dariya har ta gaji. Mutum biyu ne ba su yi ba. Iya, kakata, ta yi kukan da idonta ya dushe, bai kuma sake washewa ba har ta bar duniya. Inna kuma daga ranar ba ta sake kiran yayanta da wani suna ba sai marigayi.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne Kawu bai ɗauki abin nan laifi ba, lambar yabo ya ɗauke shi. Ya kan ce, "Su jarumai tafi ake yi musu a tashi. Ni fa? Sadakar arba'in aka yi min. A nuna min ɗan wasa ɗaya a duk Ingila da aka yanka wa rago." In yana faɗin haka har wani gyara zama yake yi, kai ka ce sarauta aka ba shi.

Da ƙasashenmu suka karɓi mulkin kansu, Turawa suka rage yin fim ɗin da ake harbe mu a ciki. Kawu ya kan ce kowa ya ci ribar 'yancin kai ban da shi, shi aikinsa ya rasa. Ya ɗan taɓa fitowa a talabijin, yau kwandastan bas gobe ɗalibin da ake hana ɗakin haya, abin ya ƙi gaba. Sai ya tsallako New York da niyyar hawa dandamali. Dandamalin da ya samu shi ne ƙofar wani dogon bene a Manhattan, aka ba shi kwat mai maɓallan ƙarfe da hula, ya riƙa buɗe wa masu kuɗi ƙofa har ya yi ritaya. Bai taɓa jin an rage masa daraja ba. Cewa yake gadon malaminsa ya ci, kuma wannan ne fim ɗinsa mafi tsawo, ga shi ba a kashe shi a ciki ba.

A wurinsa na sauka da na zo ƙasar nan, da gemuna da komai, amma ya mayar da ni ɗan koyo. Ranar da zan je neman aikin tura keken marasa lafiya a filin jirgi na JFK, sai da ya sa na yi ta fita ina shigowa ta ƙofar falo.

"Koma. Wannan shigowar ɓarawo ce."

Na koma na shigo.

"Yanzu kuma ka zama mai gidan. Wa zai ɗauki mai gida aiki? Ka shigo kamar wanda aka aiko, ba kamar wanda aka koro ba. Kafaɗa ƙasa, ido a kan wanda ke magana."

Na ji haushi ranar, har na ce a raina tsohon nan ya cika iyayi. Aikin dai na samu, kuma har gobe haka nake shiga ofis.

In na dawo daga aiki da la'asar nakan same shi gaban wata tasha da ba ta nuna komai sai tsofaffin fina-finai baƙi da fari. Bai taɓa kallon jarumi ba. Idonsa na can gefe, wajen mai share tebur ko mai riƙe doki.

"Ka ga alƙalin can? Kurma ne. Sai an taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur yake sanin maganarsa ta zo. Wancan janar ɗin kuwa tsoron doki yake, a kan akwati yake zaune. Wannan tsohuwar mai leƙe, kai, mutuniyar kirki, ita ta saƙa min rigar sanyi ta farko."

Ya yi ta lissafo su, wane ya mutu a gidan tsofaffi, wane giya ta ci shi, wance ta makance. In fim ya ƙare sunaye suka fara hawa, ya taso ya matso jikin talabijin da yatsa yana bin ƙananan na can ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ka kuskura ka taɓa rimot a lokacin, ranar ba za ku yi magana ba.

A irin wannan zaman ne ya ba ni labarin mutuwar Sarkin Ƙofa. A ɗaki ɗaya tsohon ya ƙare, ba mata ba ɗa, Kawu ne ke kai masa miya yana gyara masa gado. Ranar da aka binne shi, mutumin da duk ƙasar ta san fuskarsa, waɗanda suka raka shi ba su cika sahu ɗaya ba. Abin ya tsaya wa Kawu a rai. Tun daga nan bai ƙara jin an yi rasuwar baƙo ya zauna ba. Ko ɗan Nijar ne mai talla a bakin titi, ko ɗan Ghana direba, ko wani Kirista ɗan Arewa da ba shi da kowa a nan, zai sa hula ya hau bas ya hau jirgin ruwa ya je ya tsaya a baya. In aka tambaye shi ko ya san mamacin, sai ya ce a'a, cika fage ya zo yi, ba a barin bayan mutum fayau.

Mutumin da ke da wannan zuciyar, shi ne ya kasa ce wa ƙanwarsa ta yi haƙuri. Duk Juma'a in na kira gida, in mun gama gaisawa Inna za ta ce, "Ba ni marigayi." In miƙa masa.

"Ina wuni, marigayi. Ya kwanciyar kabari?"

"Lafiya lau, amarya. Ya lalle, ya kama?"

Haka suke yi, mu yi ta dariya. Amma wata Juma'a wasan ya karkace. Inna ta ce masa jiya ta yi mafarkin Iya tana lalube tana neman butarta. Na ga fuskar Kawu ta canja, na ce yau zai faɗa. Sai kawai ya ce ai Iya ko da idonta biyu ba ta taɓa sanin inda ta ajiye buta ba. Inna ta kashe waya. Ranar bai ci abinci ba, bai kunna tasharsa ba. Abin na cinsa, na sani, kuma na ji tausayinsa na ji haushinsa a lokaci guda. Mutum ne da ya saba a rubuta masa abin da zai faɗa, wannan kuwa ba wanda ya rubuta masa.

Sai da ciwo ya kwantar da shi sannan ya samo kalmomin. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos ce ke kula da shi, tana ce masa Baba, yana koya mata yadda ake shigowa da tiren magani. Ya ce in kira masa Inna ta bidiyo. Na riƙe masa wayar, ga robar iska a hancinsa, ya rame har tsagar kumatunsa ta zurma. Ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Ƙanwata, ki yafe ni. Abin da na jawo muku, ke da Iya, ki yafe ni." Tari ya sarƙe shi.

Inna ta matso da fuskarta har ba ma ganin komai sai tabarau. Ta daɗe tana dubawa.

"Yanzu har da roba a hanci? Lallai Turawa sun ci gaba. Amma tarin nan bai yi ba, marigayi. An ce na da ya fi."

Kawu ya yi dariya har na'urar da ke gefensa ta fara ƙara, 'yar Jos ta shigo da gudu ta ƙwace wayar. Da ya lafa ya kalle ni ido duk hawaye, na dariya ne ko na wani abu ban sani ba, ya ce, "Ka ji? Har yanzu ana zancen na da." Can kuma ya riƙe min hannu. "Ɗan nan, na yi wasa da abin har ya ƙi karɓuwa. Kada ku rufe ni sai ta faɗa."

Ranar jana'iza da hantsi muka yi masa wanka a ɗakin da ke bayan masallaci, ni da aminin nan nasa da liman, wani ɗan Damagaram mai haƙuri. Waje ya cika da mutane, motar gawa na jira, direban ya ce maƙabarta da nisa kuma ba sa jiran kowa. An sa likkafani, saura a rufe fuska. Na roƙi liman ya ɗan dakata, na kira Kano ta bidiyo, na juya wayar na nuna mata.

"Inna, ga shi nan. Ki duba."

"Na gani. Ya iya kwanciya, ba yau ya fara ba. Ka duba bayansa, ta nan suke numfashi."

Aminin ya karɓi wayar. "Hajiya, ni ma jiya ban yarda ba. Amma da hannuna na wanke shi. Na zuba masa ruwa, bai ce ya yi sanyi ba."

"Kai ba abokinsa ba ne? Tare kuke."

Liman ya matso ya yi mata sallama, ya ce shi ne limamin da zai sallace shi, kuma yana shaida mata tsakaninsa da Allah bawan nan ya cika.

"Allah gafarta Malam, ba raina ka na yi ba. Amma liman ya taɓa zuwa har gida ya ce mana ya mutu. Kafin shi ma tela ya zo ya faɗa."

Aminin ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Ni kam dariya ba ta zo min ba. Direba ya leƙo yana nuna agogo, ga alkawari a wuyana, ga gawa a gabana, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ta kuka. Na ce, "Inna, don Allah. Za a tafi da shi yanzu. Shi ya roƙe ni."

Sai ta ce, "Kashe hoton nan, ba na son gilashi. Ka sa masa wayar a kunne, ku kuma ku yi min shiru."

Na kalli liman. Ya ɗaga kai alamar to. Na kashe hoton na ɗora wayar kusa da kunnen Kawu, muryarta na fitowa muna ji.

Ta faro tun daga lalle. Ta faɗi yadda ta zauna a ƙuryar ɗaki da jan hannu tana jin ana rabon naman ragonta. Ta faɗi yadda aka kai ta ɗakin miji ba wanda ya yi mata guɗa, ita kuma ko a jikinta, don yayanta take yi wa kuka. Ta faɗi shekarun da ta yi tana barin gidanta tana zuwa ta ja Iya a hannu ta kai ta banɗaki, ta tsince mata ƙaya a kifi, ta gaya mata wane ne ya yi sallama. Ta ce duk zuwan da ya yi gida da tsaraba yake zuwa da labari, bai taɓa zama ya tambaye ta yaya ta yi ba. Ta kira shi mai taurin kai, ta kira shi sakarai, ta ce tun suna yara haka yake. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi sauri ba, ta yi ta faɗa har ta rasa abin faɗa.

Ɗakin ya yi tsit. Ta cikin wayar muna jin ƙahon adaidaita sahu a titin Kano, da wata akuya can nesa. Inna na jira. Mu ma muka tsaya muna jira tare da ita, har da liman.

"Kana ji na?" in ji ta.

Aka ƙara jimawa.

"Ɗauke wayar," ta ce da ni, muryarta ta zama wata iri. "Ya mutu. Tun da nake da shi bai taɓa barina na kai ƙarshen magana ba."

Na ɗauke wayar.

"Na yafe masa duniya da lahira. Ku tafi da shi, kada ku bar shi a sanyi."

Liman ya ja likkafani ya rufe fuskar. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kamar yadda ta yafe, ya sa wannan kwanciyar hutu ce, mu da muka rage ya kyautata namu ƙarshen. Aka buɗe ƙofa mutane suka shigo ɗaukar makara. Na kai hannu zan sa wayar a aljihu, ashe Inna ba ta kashe ba. Na ji ta tana kiran matan gida, muryar na karyewa:

"Ku fito da tabarmi ku shimfiɗa. A aika a gaya wa mutane yayana ya rasu."